Kano zuwa Damagaram a kwana huɗu: wa zai bi mu?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wata shawara da ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Na fi shekara goma ina bin hanyar Kano zuwa Daura, amma in ka tsare ni ka ce in kwatanta maka cikin garin Kazaure, kunya zan sha. Abin da na sani bai wuce gidan mai da masu rake a bakin titi da duwatsun nan da ake hangowa ta taga ba. Kullum a guje, kamar waɗanda aka biyo. To bana in Allah ya kai mu hunturu ina so in ɗauki mota, mu huɗu, mu tashi daga Kano mu nufi Damagaram, amma a kwana huɗu. Dambatta, Kazaure, Daura, mu ƙetare boda zuwa Nijar ta Kongolam, Matamai, Kance, sannan Damagaram. Duk garin da muka shiga a kashe mota, a sauko, a taka da ƙafa. Wanda ya san hanyar ya ba mu shawara. Akwai sauran kujera biyu.

Autan Zaure: Wa alaikumus salam. Yaya, kwana huɗu fa ka ce? Tafiyar da ko kilomita 300 ba ta kai ba? Mai motar haya in ya yi sammako, a can zai yi azahar in boda ba ta riƙe shi ba. A wannan tsadar man, ka ce za ka je kallon tsohuwar katanga?

Baban Ilham: Auta, man da zan ƙona ɗaya ne, ko a wuni ko a mako. Hanyar ba ƙaruwa take ba don na tsaya.

Hajiya Mai Atamfa: Ya gama da kai Auta, sai ka nemi wata hujjar.

Direban Dogon Zango: Ni dai in za a ji ta bakin wanda ya tsufa a kan sitiyari, abu na farko ba garuruwan ba ne, motar ce. Alhaji, kafin ka tashi ka kai ta wurin bakanike ya duba fanbel da lagireto da birki. Safaya ta zama mai iska, ba wadda aka manta da ita a but shekara biyu ba. Jak, da jarkar ruwa, da igiya. Sannan doka ɗaya: rana na yin ja, ku kasance cikin gari. Ba a tafiyar dare yanzu, ko da hanyar lafiya take, ga ramuka ga shanu ga manyan motocin da fitila ɗaya ce da su. Kuma ku fita Kano da asuba ku wuce Dawanau kafin motocin hatsi su cushe wurin, in ba haka ba nan za ku fara yawon buɗe idon ba shiri.

Kawu Mai Ritaya: Baban Ilham, Allah ya yi maka albarka, ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Lokacin da nake aikin duba makarantu, mu ba mu da zaɓi, dole mu kwana a garuruwan nan. Abin da na koya shi ne, in ka shiga ƙaramin gari kada ka fara da tambayar ina wurin tarihi yake. Za a dube ka a ce babu. Ka nemi ƙofar fada ko gindin bishiyar da dattawa ke zama bayan la'asar, ka yi sallama, ka cire takalmi, ka zauna. Ka ajiye goro. Kada ka fito da waya tukuna. Bayan an gama tambayarka mutanen gida da gajiya da daga ina zuwa ina, wani tsoho zai ce a kira yaro ya nuna maka inda ganuwa ta bi. Yaron zai kai ka bayan wata gona ya nuna maka wani tudu da akuya ke kiwo a kai, wanda da a mota kake ba za ka ko waiwaya ba.

Autan Zaure: Kawu, to ai maganata ke nan. Tudu da akuya.

Kawu Mai Ritaya: Yaro man kaza. Bar shi ya girma.

Malamin Tarihi: Tsarin hanyar ya yi kyau, kuma ban sani ba ko da gangan ka yi, amma garuruwan nan labarinsu a sarƙe yake da juna. Ka ɗauki Dambatta da Kazaure. Yau ɗaya tana jihar Kano, ɗaya tana Jigawa tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991, amma rigima ɗaya ce ta haife su a yadda muka san su. Ɗan Tunku, Bafulatanin da ya yi ƙarfi a wannan yankin lokacin jihadi, ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a bayan Dabo ya hau a 1819. Aka yi shekaru ana gwabzawa. Ƙarshenta Kazaure ta tsaya a matsayin masarauta mai cin gashin kanta, tana bin Sakkwato kai tsaye ba ta hannun Kano ba, Dambatta kuma ta zauna a ƙasar Kano, inda Sarkin Bai yake, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. In ka hau ɗaya daga duwatsun Kazaure ka dubi ƙasa, ba sai an yi maka bayanin dalilin da ya sa mai gudun dawakin Kano zai zaɓi wurin ba. Shi ya sa nake cewa ku kwana a Kazaure, ku hau dutse da sassafe kafin rana ta yi zafi, da yamma kuma ku je bakin dam.

Baban Ilham: Malam, wallahi ba da gangan ba ne, taswira kawai na bi. To an sa Kazaure a kwana na farko.

'Yar Kusugu: Ina ta jira a zo garinmu. Da farko dai ina da ƙorafi: wa ya ce Daura ƙaramin gari ce? Uwa ai ba ta ƙanƙanta. Na biyu, Yaya Baban Ilham, in kun zo kada ku yi irin ta baƙin da ke tsayawa minti goma a Kusugu su ɗau hoto su wuce. Rijiyar tana cikin gini yanzu, akwai mai kula da ita, za a ba ku guga ku ja da hannunku. Ku leƙa ciki sosai sai idonku ya saba da duhun, sannan za ku hango ruwan can ƙasa yana ƙyalli. Muna yara in an kawo baƙi mukan bi su, mu tsaya a baya muna dariya, don duk girman mutum sai ka ga ya ɗan ja baya kafin ya leƙa, kamar macijin na nan yana jiransa. Ku sha ruwan. Sannan ku taka zuwa ƙofar fada, ba nisa. In da hali ku fita Tsohon Birni, inda aka ce nan sarautar take tun zamanin sarauniya Kufuru kafin Daurama ta dawo da ita nan. Kuma ku daidaita ku zo ranar Juma'a. A labarin ai ranar Juma'a kaɗai macijin yake bari a ɗebi ruwa.

Malamin Tarihi: Ƙanwata, na ji daɗi da kika ce "a labarin".

'Yar Kusugu: Ka ji ko. Na san za a zo nan. Malam, faɗi abin da ke bakinka.

Malamin Tarihi: Ba faɗa ba ne. Ki bi labarin da kanki. Bayajidda ya baro Bagadaza, ya zauna a Borno, ya bar matarsa a Garun Gabas, ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa. To a nan ki tsaya. Ya tarar da gari, da sarauniya, da fadawa, da rijiya, da maƙera masu narka ƙarfe a Gaya. Da wane harshe tsohuwar ta ce masa babu ruwa? Ke nan labarin da kansa yana shaida cewa akwai mutane da mulkinsu kafin ya zo. Masana irin su Farfesa Abdullahi Smith da Dakta Yusufu Bala Usman a Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe da nuna cewa ba za a ɗauke shi a matsayin asalin Hausawa ba. Abin da ya fi kama da shi, labari ne na gidajen sarauta da yadda suke ganin dangantakarsu: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, Biram.

'Yar Kusugu: To wa ya ce maka mu mun ce shi ya haifi kowa? Ku 'yan boko ku ke ƙirƙiro maganar sannan ku zo ku ƙaryata ta. Kakata ba ta taɓa cewa Bayajidda kakanmu ne ba, cewa take baƙo ne da ya yi abin kirki aka ba shi mata. Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya zo har bakin rijiyar yana taɓe baki yana cewa tatsuniya ce. Tatsuniyar da ta riƙe gari shekaru aru-aru, har ake hawan Sallar Gani ana taruwa daga ko'ina, ai ta wuce a taɓe mata baki.

Malamin Tarihi: A nan kam ba mu da saɓani. Ni ma na sha ruwan, har na cika gora.

Hajiya Mai Atamfa: Au, ashe har da guzuri. Malam ka ba da mu.

Mai Zaure: Jama'a a yi a hankali, maganar Bayajidda ta taɓa cinye mana kwana uku a zauren nan. A koma kan hanya.

Malamin Tarihi: Ranka ya daɗe, abu ɗaya kawai, kuma kan hanya yake. Akwai tarihin Daura na kusa wanda ba a cika ba baƙi ba, kuma shi ne ya haɗa ta da inda za su. Da jihadi ya zo, wajen 1805, Malam Isiyaku ya karɓi garin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango da Baure, suka daɗe suna ƙarƙashin inuwar Damagaram. Sai da Turawa suka zo aka dawo da gidan Haɓe kan gadon Daura ta hannun Malam Musa daga Zango. Bayansa Sarki Abdurrahman ya yi daga 1911 har 1966, shekara 55. Saboda haka in kun sami awa biyu ku leƙa Zango, ba ta da nisa da Daura. Mutane na wuce ta kamar ba komai, alhali nan aka ajiye sarautar kusan ƙarni guda.

Badamagare: Salamu alaikum. Ina ta saurare tun ɗazu, sai yanzu aka ambaci manya. Baban Ilham, lale marhabin, amma kwana huɗu ba ya isarku. Kun ba Kazaure kwana, kun ba Daura kwana, to Damagaram me ya rage mata? Birni kaɗai, wato tsohon garin, wuni ne. Ba a shiga da mota, lunguna ne, ga gidajen ƙasa masu zane a fuska da zankwaye, ga manyan duwatsu a tsakiyar unguwa kamar an ajiye su da hannu, yara na wasa a kai. Ga fadar Sarki da dogarai. Ga sauran ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, shi da har igwa ake ƙera masa a cikin garin. Akwai gidan da Bature Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a ƙarshen 1852, an sa alama a jiki. Sannan ku fito ku tafi Zango, unguwar fatake, inda ayarin raƙuma ke sauka, inda Malam Yaro attajiri ya zauna. Kar ku manta nan ne babban birnin Nijar kafin a mai da shi Yamai a 1926.

Autan Zaure: To tunda an ƙwace, ai sai haƙuri.

Badamagare: Bakano, kai ne da magana? Tambayi Malam wa ya kawo yaƙi har Gezawa zamanin Sarki Alu. Sarkinmu Amadu Kuran Daga ne, in ka manta.

Autan Zaure: Ya zo Gezawa, ya shiga ganuwa? Leƙe ya yi ya koma. Har yau ma haka kuke, ku zo Kwari ku yi sari ku koma.

Badamagare: Mu ke riƙe muku kasuwar ai.

Malamin Tarihi: Ku biyun duk kuna da gaskiya, abin da ba a cika samu ba. Amma tunda an ambaci Kuran Daga: Baban Ilham, bayan kun bar Takeita kun hau babbar hanyar da ta fito daga Maraɗi, za ku wuce Tirmini kafin Damagaram. A nan rundunarsa ta kara da Faransawa a 1899, shekara guda bayan an kashe Kyaftin Kazamaju Bafaranshe a Damagaram. Daga wannan karon garin ya faɗa hannunsu. Ku tsaya ko minti ashirin ne. Ita kanta bodar da za ku ƙetare, yarjejeniyoyin Ingila da Faransa ne na 1898 da 1904 da 1906 suka ja ta, kuma gyaran 1904 ya zo ne don Faransawa na neman hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Wato ƙishirwar sojan wani ce ta sa ƙanin kakanka ya zama ɗan wata ƙasa.

Direban Dogon Zango: Tarihi ya yi daɗi, amma jandarma ba ya karɓar tarihi. Alhaji, takardu. Fasfo ko katin shaida na kowa, katin rigakafin shawara, takardun mota na asali ba hoto ba, lasin, inshora. A Ɗan Barto, bodar ɓangaren Nijar, za a yi wa motar takardar shiga, ka adana ta kamar ranka don ita za a nema a kowane shinge da kuma ranar fita. Kuma abubuwa sun sauya: an rufe boda bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. To ana saura kwana biyu ku tashi, a je tasha a tambayi direbobin da suka dawo jiya abin da ake nema. Su suka fi kowa sani. Sannan a can ba a ɗaukar hoton shinge ko bariki ko soja, ko da wasa. Kuma in an tsayar da kai, ka kashe mota ka yi gaisuwa, ba a miƙo hannu ta taga ana cika baki.

Hajiya Mai Atamfa: Ni kuma bari in ba ku nawa, don kada ku ji kunyar da na ji. Zuwana na farko, a Matamai, na tsaya sayen rake. Na ce nawa, yaron ya ce dala ashirin. Na buɗe jaka na lalubo 'yan silalla na ƙirga sefa 20 na miƙa masa, har ina jin na yi arha. Yaron ya dubi tafin hannunsa, ya dube ni, ya kira uwarsa. Ashe su da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100 ke nan. Matan wurin suka yi ta dariya har da riƙe ciki, wata ta ce ai 'yar Najeriya ce, ku bar ta. Ƙarshe uwar ta ƙara mini sanda guda kyauta, ta zaunar da ni ta koya mini: duk abin da aka faɗa ki ninka biyar, in an ce jaka kuma 1000 ce. Ku canji kuɗinku tun a boda, ku nemi ƙanana.

Badamagare: Hajiya gaskiya ta faɗa. Kuma ku zo da ciki, akwai kilishi, akwai cuku, akwai shayi. In an fara dafa muku shayi kada wanda ya miƙe bayan kofin farko, sai an yi na uku. Sannan Mirya. Kilomita kamar 18 ne gabas da gari, ga garake ga inuwa, kuma can ake gina tuluna da tukwanen da kuke gani. Kasuwarta Lahadi take ci.

'Yar Kusugu: To an samu matsala, don kasuwar Mai'aduwa ma Lahadi ce, kuma a kan hanyarsu take kafin Kongolam. Wanda bai ga karar shanu da raƙuman Mai'aduwa ba me ya gani?

Direban Dogon Zango: Ranar kasuwar ma hanyar cushewa take. Ni dai da mota ƙarama ba zan zaɓi ƙetare boda ran Lahadi ba.

Kawu Mai Ritaya: Ba a bin zomo biyu. Ku bar ɗaya, ita ce dalilin komawa wata shekarar.

Baban Ilham: To ga yadda na gyara, a duba mini. Alhamis da asuba mu bar Kano, karin kumallo a Dambatta, mu wuni mu kwana a Kazaure. Juma'a mu hau dutse da safe, mu isa Daura kafin masallaci, Kusugu da fada bayan an sauko, mu kwana. Asabar mu leƙa Zango da wuri, mu dawo mu ƙetare, Matamai da Kance, Tirmini, mu shiga Damagaram kafin magariba. Lahadi Mirya. Litinin Birni da Zangon Damagaram. Talata mu juyo. Kwana huɗun sun zama shida, kuma Tsohon Birni bai samu wuri ba. Ban san yadda zan gaya wa uwargida ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ka ce mata kujera ɗaya tata ce, magana ta ƙare.

'Yar Kusugu: Asabar ɗin nan ta yi nauyi, Yaya. Ka ce tafiyar a hankali ce, ga shi ka tara gari biyar da boda a wuni guda. Ka cire Zango ka mai da ita ranar dawowa.

Malamin Tarihi: Kada a cire Zango. Duk abin da aka ce sai a dawowa, ba a yin sa, kowa hankalinsa ya yi gida.

Direban Dogon Zango: A cire. Boda ba ta da alkawari, tana iya cin minti talatin, tana iya cin awa uku.

Baban Ilham: Zan kwana da maganar. Malam, kujera ɗaya taka ce in makaranta ta yi hutu. Auta, saura ɗaya.

Autan Zaure: Na gode Yaya, amma ni ba zan iya zaman gindin bishiya ba. Zan hau motar haya ran Asabar in riga ku isa, in tare ku a tasha. Kilishin nake so, da kuma in ga idon Badamagare.

Badamagare: Ka zo, akwai tabarma. Ka taho da bargo, sanyin Damagaram ba ya jin Kananci.

Hajiya Mai Atamfa: Baban Ilham, tunda za ku Mirya, tulu biyu nake so, masu ɗan wuya, ba manya ba. Kada a sa su a but, a riƙe a cinya.

Malamin Tarihi: Hajiya, cinyar wa?